Tari a Layin Neman Aiki

Jiya tari ya ci amanata a gaban Mai Girma Babban Mai Hatimi.

Masu shara ake ɗauka, mata ashirin, mu kuwa mun haura ɗari uku a layi. Takardar da aka manna a ƙofa ta ce sai mai cikakkiyar lafiya. Wa ke da ita? Tun da aka rufe masaƙarmu bara, wadda ba ta mura tana fama da ƙuraje.

Ban yi boko mai nisa ba, amma ido ba ya buƙatar satifiket. Yayata shekara goma sha tara tana kan inji, ƙurar auduga har gashin ido, ko ciwon kai ban taɓa jin ta ambata ba. Wata huɗu da zaman gida mura ta shige ta, ta ƙi fita. Likita ya ce garkuwar jikinta ta yi ƙasa, ta rage tunani. Ta ce, "Likita, ba ni aiki, in bar maka tunanin kyauta." Wata Laraba muka yi mata wanka. Allah ya jiƙanta.

Manya, Allah ya ƙara musu kujera, ba su yi shiru ba. Kwana uku suka yi a otal suna taro kan lafiyar mata marasa aiki, suka gano mana maganin: mu ci 'ya'yan itace, mu huta. Hutun ne fa ke kashe mu!

Don haka a layi muka yi dabara. Maƙwabciyata Mai Kitso ta tsara: duk wadda tari ya taso mata ta ɗaga yatsa, na kusa su ja benci, ƙiii. Ta ce mini, "Ke kuma haɗiye shi yadda kika haɗiye alƙawuransu." Har azahar benci na kuka, mai gadi na tsine wa kafinta.

Sai dai a ofishin babu benci. Kafet ne da na'urar sanyi.

Mai Girma ya ce, "Lafiyarki ƙalau?"

"Garau, ranka ya daɗe."

Sai ga tarin ya taho tun daga ƙahon zuciya, har takardun tebur suka motsa. Mai Girma ya toshe hanci.

"Baiwar Allah, je ki warke ki dawo."

"Ranka ya daɗe, aikin ne maganin."

"Ki warke tukuna."

Wato sai na haye kogi za a ba ni kwalekwale.

Yau da safe na koma da naci, na tarar da sabuwar takarda: Mai Girma ya kamu da mura, an fita da shi ƙasar waje a duba shi, an dakatar da ɗaukar aiki. Mai Kitso ta riƙe haɓa. "'Yar uwa, kin kashe mu. Ba ki ga bango ba sai fuskar mutum?"

Yanzu ko matarsa ba ta kai ni yi masa addu'a ba. In bai dawo da wuri ba, sai dai ya aiko da tsintsiyar a share mini kabari.