Yadda Chindo Rediyo Ya Nemi Shugabancin Jam'iyya

"In na yi tari a Gazawa, sai an ce mini sannu a Gidan Rumji!" Haka Chindo ya faɗa a teburin mai shayi na bakin tasha, yana buga ƙirji har shayin ya fantsama a rigarsa. "Kujerar shugaban jam'iyya na wannan komin, wato ƙaramar hukumarmu, ku ɗauka na riga na zauna a kanta. Zaɓen cika ƙa'ida ne kawai."

Ɗan'uwa, in ba ka san Chindo ba, ka huta. Dillalin wake ne, ƙato, muryarsa kamar injin niƙa. Chindo Rediyo muke ce masa, sai dai shi rediyon nasa ba wurin kashewa. Ni kuwa Rabo, ɗan kabu-kabu, ni na yi ta yawo da shi a moto, don haka komai a idona aka yi.

Abokin takararsa Barmo ne, mai gyaran famfo, mutum shiru-shiru.

"Barmo?" in ji Chindo. "Wanda in ya yi sallama sai an ce ya maimaita? Ku bar ni da shi."

Kafin mako ya zagayo ya kai san da ke jan amalankensa kasuwa, don kamfe ba ya tafiya da fatar baki. Matarsa Husaina ta ce, "Maigida, kaka ta kusa. Da me za mu kwaso gero?"

"Matar shugaba ba ta zancen amalanke," ya ce. "Ki fara koyon zama a mota."

Aikin farko, hotuna. Ya sa baƙin tabarau, ya ɗaure fuska don a ga kwarjini, aka buga masa guda ɗari. Ya ce inda ido ya fi yawa za a manna, wato bangon da ke daura da ofishin jandarma. Washegari muka tarar da mutane sun yi cincirindo. Chindo ya zungure ni.

"Ka gani ko?"

Sai wata tsohuwa mai tallar ƙuli-ƙuli ta dubi hoton, ta dube shi, ta dafe ƙirji.

"Allah sarki, ɗan nan! Me ka sata ake nemanka?"

Da hannunsa ya ɓamɓare su.

To, ka san zaɓen nan ba kowa ke yin sa ba. Kowane ƙauye wakilai uku yake turowa, su ke zaɓe. Barmo yana bin su gida-gida, ya gaisa, ya sha fura, in famfon gari ya lalace ya duƙa ya gyara. Na ce wa Chindo mu ma mu yi haka.

"Rabo, kanka ƙarami ne. Ni taron jama'a nake nema. In jama'a ta yi ruri, wakilai da gudu za su biyo."

Muka ɗaure lasifika a moto, da buhun sabulu da na sukari, muka yi kudu. Ƙauyen farko mutum biyar muka samu, ya ce sun yi masa kaɗan. Na biyu duk suna gona. Muka yi ta nausawa har muka tsallake wani kwari. Na rage gudu na ce, "Chindo, anya ba mu yi nisa ba?"

"Kai tuƙi aka ɗauke ka, ba shawara ba!"

Can sai ga wani gari, ranar kasuwarsu, mutane maƙil. Chindo ya hau turmi ya yi awa biyu yana zuba. Ya yi musu alkawarin rijiya, da hanya, da lakol mai aji shida. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Mene ne lakol?" Chindo ya ce, "Kun ji ko? Jahilcin da zan kawar ke nan!" Aka yi tafi. Ya rabar da sabulu da sukari kaf, mata suna guɗa.

Da ƙura ta lafa, mai gari ya matso ya riƙe hannunsa.

"Alhaji, mun gode, Allah ya saka. Sai dai jam'iyyar nan taka ba mu taɓa jin sunanta ba."

"A ƙasar Nijar akwai wanda bai san ta ba?"

"Ai Nijar ka baro ta tun a kwarin can. Nan ƙasar Katsina ce."

Chindo ya dubi buhunan da suka koma wayam. Can ya ce, "Sabulun fa?"

"Ya riga ya shiga gidaje."

Na ɗauka a hanya zai yi nadama. Ina! Muna tsallako kwarin ya dafa kafaɗata ya ce, "Rabo, ka shaida. Barmo ya taɓa yin taro a ƙasar waje?"

Ranar zaɓe aka taru a filin lakol da tsakar rana, ko bishiya ɗaya babu. Sakataren jam'iyya ya ce ƴan takara su tsaya su fuskanci gabas, ba waiwaye, wakilai kuma kowa ya yi layi a bayan gwaninsa. Chindo ya sha babbar riga mai sitaci, ya baje hannuwa kamar zai tashi sama. Yana jin takun ƙafafu a baya, yana murmushi. Ya dube ni ta gefen ido yana tambayar yadda ake ciki. Na ɗaga masa yatsa ɗaya. Ya gyaɗa kai, wai shi ne na ɗaya.

Sakatare ya ɗauki lasifika ya ce, "Barmo, sittin da biyu. Chindo, ɗaya."

Ya juya. Layin Barmo har ƙofar lakol, kuma ga Husaina a ciki, don tana cikin wakilan mata.

"Husaina! Har da ke?"

"Maigida, a gida kai ne shugaba. Nan kuwa ruwa muke so a famfo."

A bayansa mutum ɗaya ne tak, wani tsoho, Baba Hambali, ya dogara da sanda. Chindo ya fizge lasifikar daga hannun sakatare.

"Jama'a, ku dubi mai amana! Wannan dattijon ya fi mini sittin ɗinku. Baba, faɗa musu abin da ka gani a jikina da ya sa ka tsaya a bayana."

Ya kara masa lasifikar a baki. Tsohon ya yi gyaran murya, duk filin ya ji.

"Ni layin Barmo zan shiga, rana ce ta dame ni. Duk filin nan ba inuwa sai bayanka. Don Allah ɗana, koma yadda kake, ka daina motsi."