Rasuwar Mai Gurnani, Tayar Baya ta Hagu

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika, haushi kuma ya hau kansa ya zauna, Almu direba, mutumin Tamaske, mai farar Fijo ta ɗaukar kaya da ke bin hanyar Keita da Buza zuwa Madawa har Ƙwanni, yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a da duk wanda ya taɓa shiga motarsa rasuwar tayarsa ta baya ta hagu, wadda aka fi sani da Mai Gurnani. Ta rasu ranar Laraba da azahar, cikin bazarar bana ta 1985, a bisa kwalta, tsakanin Madawa da Galmi, bayan shekara huɗu tana aiki. Masu cewa tsufa ne ya kashe ta su dakata tukuna, za a zo kan wannan.

Almu ya haɗu da marigayiya a kasuwar Ƙwanni. Ya wuni ran nan yana zagaya rumfuna, domin hanyarsa iri biyu ce: daga Ƙwanni zuwa Madawa kwalta ce shimfiɗaɗɗa, daga Madawa kuwa sai burji, da dutsen fako mai kaifi, da yashin ƙoramu. Wani mai rumfa ya nuna masa tayoyi masu sulɓi da sheƙi, ya rantse ba a jin motsinsu a kwalta. Almu ya tambaye shi ko ya taɓa hawan tudun Buza, mutumin ya ce ya dai ji labarinsa. Wani kuma ya gangaro masa da wasu ƙatti irin na motar soja, waɗanda za su zubar wa fasinja da haƙora kafin a kai Malbaza. Can ƙarshen layi ya same ta da 'yar'uwarta, ƙura ta rufe su, ba mai taya su. Haƙoransu masu zurfi ne amma a jere kusa da juna, gefensu mai kauri. Ya danna da babban yatsa, ya tsaya a kai da ƙafa biyu, ya ce a ɗaure masa su.

Mutanen tashar Madawa sun yi dariya har suka gaji. Rabo, wanda tun da ya fara tuƙi bai taɓa sauka daga kwalta ba, ya ce Almu ya sa wa amarya takalmin noma. Gaskiya ne marigayiya tana da murya. Da ta taka kwalta sai ta fara wuuu-wuuu, a hankali, kamar tsohuwa mai niƙa, kuma ta fi 'yar'uwarta ƙara. A nan ta samo sunanta. Amma da damina ta faɗi, Rabo ya yi kwaɗayin lodin albasa ya shiga kwarin Majiya da tayoyinsa masu sheƙi, ya nutse har ƙofa. Wadda ya yi wa dariya ita ta fisgo shi da igiya. Bai yi godiya ba, kuma har yau ba a daina jira ba.

Halayenta sanannu ne. Ba ta taɓa zame wa mai gidanta a kwalta mai ruwa ba. Ta sha ƙayar aduwa, ta sha ƙusa sau uku, aka yi mata faci ta tashi. Bara, lokacin yunwa, da manyan motoci suka riƙa sauke hatsi a Keita suna juyawa, ita ta hau da shi ƙauyukan kan dutse buhu-buhu. Ranar da Zaliha matar Almu ta kwana biyu tana naƙuda, ƙoramar da ke tsakaninsu da likita ta kawo ruwa har gwiwa. Almu ya tsaya a bakin ruwa, ya yi bisimilla ya shiga. Marigayiya ta kama ƙasa ta fitar da su. Yarinyar da aka haifa ran nan yanzu tana gudu a tsakar gida.

Abu ɗaya kawai take nema. In za a shiga yashi, a rage mata iska ta buɗe ƙafa. In an iso bakin kwalta, a tsaya a mayar mata da iskarta. Shekara huɗu Almu yana tsayawa ƙarƙashin itacen bedin da ke mashigar Madawa, ya fiddo famfon hannu, ya buga har gumi ya jiƙa masa riga, fasinjoji na tsaki. Bai fasa ba ko sau ɗaya.

Ciwon ajalinta sunansa Mahaman, ƙanen Almu uwa ɗaya uba ɗaya. Ya dawo daga Abijan da baƙin tabarau da wando mai faɗin ƙafa da labarin cewa ya tuƙa wani Bature a can, ko da yake waɗanda suka zauna unguwa ɗaya da shi sun ce wanke motar yake yi. Da kurkunu ya kwantar da Almu, ƙafarsa ta kumbura ba ta iya taka birki, ba yadda ya iya sai ya miƙa wa Mahaman makulli. Ya zaunar da shi ya yi masa bayanin iska sau uku. Mahaman yana goge tabarau ya ce, "Yaya, wanga duk aikin ƙauye na. A Abijan ba mu tsayawa buga ma taya iska kamar masu hura wuta."

Ranar Laraba ya ɗauki buhunan albasa fiye da ƙima, ya ɗora mata shida masu albasar a kai, ya sa Gogo ƙanwar mahaifinsu a gaba. Rage iskar ya tuna, domin sai da ya kafe a yashin Buza matan suka sauka suka tura. Mayar da ita ce bai ga dalili ba. Ya wuce bedin Madawa ko kallonsa bai yi ba. Gogo, wadda ta fi shi sanin hanyar, ta ce masa nan Almu ke tsayawa. Ya ce mata Almu na gida. Rana ta take, kwalta ta yi laushi don zafi, shi kuwa ya hango motar Rabo a gaba ya ƙudura sai ya wuce ta.

Marigayiya ta yi iya ƙoƙarinta ta faɗa masa. Matan da ke baya sun shaida muryarta ta sauya, daga wuuu-wuuu ta koma faɓ-faɓ-faɓ, kuma sun ji warin roba. Sun buga rufin mota. Mahaman ya ƙara ƙarar rediyo. Daga nan sai ƙara ɗaya, tau, kamar bindiga. Motar ta yi hagu ta yi dama, ta sauka gefen hanya ta jingina da tudun wata gona. Allah ya tsare, ba wanda ya rasa ransa. Gogo ta fasa goshi, albasa ta watse a kwalta, manyan motoci suka bi ta kanta. Gogo ta fito tana dafe da jini, ta dubi tayar da ta tsage daga baki zuwa baki, ta dubi Mahaman, ta ce, "Ita dai ta san aikinta. Kai mi ka sani?"

Mahaman ya iso gida da gawar a bayan mota, da wata sabuwa a gurbinta, baƙa wuluk tana sheƙi. Ya ce wa yayansa ya ma yi masa gyara, domin wannan ba ta da hayaniya. Almu ya sa aka tallabe shi zuwa ƙofar gida, ya shafa baƙuwar, ya ga haƙoran nata da wuƙa aka sassaƙa su a kan tsohuwar roba, aka shafe da baƙin mai. Ya shafa marigayiya, ya juya fuska bango, kuma waɗanda ke wurin sun ce ba zafin kurkunu ne ya sa shi hawaye ba.

Ta rasu ta bar 'yar'uwarta ta dama, wadda ta fito da ƙulli a gefe tun ranar, ba a sa ran za ta ga kaka. Ta bar tayoyin gaba biyu, bayin Allah da ba su taɓa tura komai ba, sai dai a tura su. Ta bar famfon hannu, wanda ba shi da laifi. Ta bar ƙauyuka bakwai na kan dutse da damina ke tafe musu, ba su san wa zai hau musu da gishiri ba. Baƙuwar mai sheƙi ba ta cikin dangi, kada a yi mata gaisuwa.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidan Almu. Rabo yana iya zuwa in ya samu mai kawo shi, tun da hanyar Tamaske ba kwalta ba ce. Ba za a binne marigayiya ba. Robar cikinta an ba matan unguwa su ɗinka guga, ta ci gaba da ɗaukar nauyi a bakin rijiya. Gangar jikinta kuma za a kai wa baduku ranar kasuwa ya yanka takalma, a raba wa matan shida da albasarsu ta lalace. Almu ya ce a zaɓi wurin da haƙoran suka fi kauri a yanka ƙafa biyu daidai Mahaman, domin daga yau duk inda zai je, kwalta ko yashi, da ƙafa zai tafi.