Rasuwar Dolores a Gaban 'Yan Kwana-kwana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Wendell Kostelnik, a madadin iyalina (ban da matata Loretta, wadda ta ce a cire sunanta), nake sanar da rasuwar motata Dolores, tana da shekara arba'in da tara a duniya.

Marigayiyar ba ta taɓa fashin bikin baje kolin motoci da babura da ake yi a garinmu don tara wa 'yan kwana-kwana gudummawa ba. Kowace mota akan ajiye mata takalmin ɗan kwana-kwana a gaba, wanda ta burge ya jefa dala. Shekara ashirin da biyu, duk dalar da ta shiga takalminta daga aljihuna ta fito, amma ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba. Kullum da safe takan gaishe ni da "kyar-kyar-kyar, tuf", sannan ta jira a tura ta.

Ajali ya riske ta ranar Lahadi, a gasar ƙarar inji, bayan ƙanin matata Dwayne ya yi iƙirarin injin wankinsa ya fi ta murya. Zuciya ta ɗebe ni, na taka totur har ƙasa. Ta ce "buuum", filin ya ɗauki tafi, sai wuta ta tashi. 'Yan kwana-kwana goma sha huɗu na tsaye a wurin, sai dai motarsu tana tsakiyar fili an goge ta tas, babura sittin sun kewaye ta, ba hanyar fita. Shugabansu, Earl Pruitt, ya bar gashin nama ya juye mata kular lemo. Allah ya saka masa da alheri, amma kwana ya ƙare.

Ta bar tayoyi huɗu, biyu masu sanƙo, da tabon baƙin mai a ƙofar gida, da ni. 'Yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo gaisuwa suna ta kallon ƙafafunta. Na sallame su, domin ba zan iya ganin an ɗora ta a sikeli ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a harabar 'yan kwana-kwana, inda sababbin shiga za su koyi yanka mota da ita don ciro wanda hatsari ya rutsa da shi. Sun nemi wanda zai zauna a kujerar direba, na ba da kaina. Earl ya yi alkawarin cikin minti goma sha biyu za su yanke rufin su fito da ni. Na roƙe su kada su yi sauri.