Yadda Za Ki Ɓoye Ranar Hutunki Ga Mutanen Gidanki

'Yar'uwa, dokar ƙasarmu Zambiya ta ba kowace ma'aikaciya hutun yini ɗaya a wata, ba sai ta kawo takardar likita ba. Sai dai an manta a karanta wa mutanen gida dokar. Ki bi matakan nan, na yi miki alkawari za ki ci yininki ke kaɗai. Su na koya wa maƙwabciyata Bana Katongo, wato maman Katongo, mai aiki a wani kantin magani a Kitwe, kuma saura ƙiris ta yi nasara.

1. Ki ja bakinki ki ɗinke

Da Bana Katongo ta taɓa faɗa wa mijinta gobe tana hutu, har idonsa ya yi haske. Kafin gari ya waye an tsara mata wankin barguna, ƙanwarsa ta ajiye mata tagwaye, sannan ga kai Ba Mayo asibiti. Ba Mayo uwar mijin ce. Ta zo daga Kasama jinyar gwiwa ta mako guda, ga shi damina ta sake zagayowa tana nan. 'Ya'yanta maza duk suna matuƙar son ta, ta waya.

2. Ki fita da kayan aiki

Ki sa farar rigarki, ki ɓata rai, ki ja wa shugabanku tsaki tun daga bakin ƙofa. Macen da ta fita tana murmushi da safe, kowa ya san ba aiki za ta ba. Zanin sauyawa yana ƙasan jaka.

3. Ki kashe waya

Maigida zai kira ya tambayi inda gishiri yake. Mutumin da ke kwance injin mota ya mayar, gishirin da ke gaban hancinsa ne ya gagare shi. Ki kwantar da hankalinki. Na bincika sosai, ba a taɓa binne kowa saboda neman gishiri ba.

4. Ki kauce wa matan coci

Idan suka hango ki, kin zama mai tuƙa tuwon gidan makoki har magariba. Ki riƙe ƙaramar kwalba a baƙar leda, nesa da jikinki. Da shugabar mata ta tare Bana Katongo a tashar mota, sai ta ɗaga ledar ta ce gwajin bayan gidan tsohuwa ne, ko za ta riƙe mata ta gyara takalmi? Matar ta yi mata addu'a daga tsallaken titi.

5. Ki shirya wa tambayar mai abinci

A nan ɗalibata ta ba ni kunya. Ta samu rumfar abinci can ƙarshen kasuwa, ta zauna, ta cire takalmi. Mai abinci ta tambaye ta me take so. Sai ta shiga bayani: maigida ba ya cin kuɓewa, Katongo wake na kumbura masa ciki, tsohuwa kuwa sai mai laushi.

"Suna waje ne?" in ji matar.

"A'a."

"To ke fa, 'yar'uwa? Ke me kike so?"

 Ta san cikin kowa a gidan nan, nata ne kawai ta manta. Ni da take ba ni labari dariya na fara, daga baya tausayinta ya kama ni. Ƙarshe ta nuna gasasshen kifi da yatsa, aka zuba masa barkono son ranta, ta ci har tana gumi.

6. Kada ki kawo tsaraba

Wannan shi ne babban mataki, shi ta karya. Hannunta da kansa ya cire ƙaya daga tsokar kifin da ta fi laushi, ya naɗe. Da yamma ta durƙusa ta miƙa wa Ba Mayo, wai a wurin aiki aka raba.

Tsohuwa ta shinshina, ta ɗanɗana, ta kalli hancin Bana Katongo da ke zuba har yanzu. Ta ce ita ba ta taɓa jin kantin magani mai gasa kifi ba. Bana Katongo ta hango barguna suna dawowa.

Ba Mayo ta leƙa ko ɗanta na kusa, ta rage murya.

"'Yata, ba zan faɗa ba. Amma wata mai zuwa in za ki wannan aikin naki, ki ce ranar asibitina ce, mu tafi tare. Tun da aka kawo ni gidan nan kunu nake sha, ba wanda ya tambaye ni."

Yanzu duk wata za ki gan su a rumfar. Bana Katongo na cire ƙaya, tsohuwa na neman ƙarin barkono, ƙafafunsu duka babu takalmi.

Gargaɗi

In aka kama ki, ban san ki ba, ban taɓa gaisawa da ke ba. Ba ruwana da miyar da ba gishiri, ko fushin matan coci, ko gudawar barkono. In kuma hutunki ya koma na mutum biyu, kada ki zo ƙofata. Ni na ce ki ɓoye yini, ban ce ki yi tausayi ba.