Haƙorin Laure Ba Shi Da Lamba

A wani daji da ke bayan tsauni, dabbobi suka gaji da ciwon haƙori, suka haɗu suka kafa asibiti a gindin wata kuka. Biri aka naɗa likita, domin shi kaɗai ke iya sa yatsu a bakin kura ya fito da su cikakku. Kayan aikinsa awartaki ne, da magagari, da ɗan garin kanumfari.

Da farko abin ya tafi lami lafiya. Ka zo, ka buɗe baki, a duba, ka tafi kana tofar da yawu. Sai ƙorafi ya taso, wai likita ya fi daɗewa a bakin manya. Majalisar daji ta zauna ta yanke cewa daga yau kowane ciwo sai an ba shi lamba, a zana ta a jikin sakaina, a rataya wa mai ciwon a wuya. Likita ba zai taɓa bakin da bai zo da sakaina ba, kuma kowace lamba da maganinta.

To, wa zai tsara lambobin? Aka ce mai haƙori ba zai yi adalci ba, ciwon gidansu zai sa a gaba. Don haka aka nemo waɗanda ba su da haƙori ko ɗaya. Jimina ta zama shugabar sashen lamba, Kunkuru, wanda ake kira Malam Dogara, ya zama mai rataya sakaina. Kowa ya yaba da wannan hikima. Har yanzu ma ana yabonta.

Ba za a ce ba su yi ƙoƙari ba. Sun bi gida gida suna tambaya. Zaki ya ce haƙori karyewa yake yi. Ɓauna ta ce cinyewa yake. Kura ta ce nata kogo yake yi ya yi wari, tsohon Giwa ya ce girgiɗi yake sannan ya faɗi. Sai suka gane, haƙori abu ne mai raguwa, suka ba kowace irin raguwa lamba, har da rassa. Dangin masu gwaguya, irin su gafiya da kurege da beguwa, ba a tambaye su ba. Lokacin suna cikin rami, Jimina kuwa ba ta son sunkuyawa.

Abin da ba su ji ba shi ne, haƙoran gaba na beguwa tsiro suke yi har ta mutu. Gogar juna da na sama da na ƙasa ke yi ita ke tsayar da su.

Wata beguwa mai suna Laure ta ciji tsakuwa a cikin rogo, haƙorinta na ƙasa ya kauce. Na saman ya rasa abokin guga, ya yi ta tsawo, ya lanƙwaso ya doshi haɓarta. Baki ya ƙi rufuwa. Rogo ya gagara, gwaza ya gagara, har ta koma tsotsar ɗanyen ganye. Ta rame, ƙayoyinta suka fara zuba. Ta ja jiki ta je gaban Malam Dogara.

Ya leƙo da kai ya ce, "Sannu Iya. Karyewa ya yi?"

"A'a Malam, tsawo ya yi."

"Ba mu iso nan ba. Kogo?"

"Babu."

"Girgiɗi fa? Taɓa mu gani."

"Ƙyam yake, kamar turke."

Malam Dogara ya yi murmushi da dasashinsa. "Iya, kin tsorata ni a banza. Bai karye ba, bai ruɓe ba, bai motsa ba, ƙaruwa ma ya yi. Wasu na kukan rashi, ke kin zo kukan samu?"

"Malam, yunwa za ta kashe ni."

"Yunwa kuma ta sashen ciki ce. Mu nan baki muke."

Ta faki idonsa, abin da ba shi da wuya, ta zagaya bayan kuka wurin likita. Biri na ganin bakin ya kama haɓa.

"Kai! Iya Laure, wannan ai magagari kawai yake so. Kafin ki ƙifta ido na gama. Ina sakainarki?"

"An ce ba ni da lamba."

Biri ya mayar da magagari cikin jaka a hankali. "To kin gani. In na goge shi, a tambaye ni me na yi, in ce me? In ce lafiyayyen haƙori aka kawo na rage masa tsawo? Ƙwace mini jakar za a yi. Ki kai kuka majalisa, ni kuma zan tsaya a bayanki." Ya tsaya ɗin kuwa, can baya sosai, kusa da hanyar fita.

A majalisa Jimina ta miƙe wuya ta yi jawabi.

"Jama'a, mun ji kukan baiwar Allah Laure, kuma ya taɓa mu. Amma a duba. Lambobin nan ba a gaggauce aka yi su ba, an tambayi manya. Idan yau muka buɗe lambar tsawo, gobe Giwa zai zo ya ce haurensa ya yi yawa, jibi Raƙumin Dawa ya kawo wuyansa. Ni kaina, kuna ganina, ban taɓa kawo ƙarar ƙafafuna ba. Sannan me za a ce da mu a dazuzzukan maƙwabta? A ce a dajinmu har ƙaruwa cuta ce? Shawarata, a gode wa Laure bisa kyakkyawan misali, a riƙa nuna ta ga masu sakaci da asuwaki. In abin ya taɓarɓare, ya karye ko ya faɗi, ƙofarmu a buɗe take."

Aka yi tafi. Wata tsohuwar Ɓauna mai giɓi ta matso ta shafa haƙorin, ta ce Allah ya ba ta irinsa.

Laure ta fito tana jiri. Daga duk jawabin kalma ɗaya ta riƙe: karyewa. A bakin rafi akwai wani baƙin dutse. Ta kafa haƙorin a tsagarsa, ta rufe ido, ta murɗa kai. Ƙas! Da ta farfaɗo sai ta ji leɓɓanta sun haɗu. Nan take ta tono rogo ta ci, tana hawaye tana tauna. Sai dai bakin karayar ya yi kaifi, yana yankar harshe, don haka ta koma asibiti a ɗan goge mata.

Malam Dogara ya kusa fitowa daga ƙoƙonsa don murna. "Yauwa! Yanzu kika yi ciwo, Iya! Karyewa, reshen haƙorin gaba, na sama." Ya rataya mata sakaina da hannunsa, har ya raka ta.

Biri ya juya sakainar, ya karanta lambar.

"Likita, ɗan kaifin nan kawai za ka goge."

"Iya, wannan lambar ba ta guga ba ce. Maganinta a mayar da haƙori yadda yake kafin ya karye." Ya duba Malam Dogara, ya sake duba ta. "Kin zo da guntun, ko mu sassaƙa miki da ƙashi?"

Malam Dogara ya ce, "A yi shi daidai da na da, Likita. Ni shaida ne, har haɓa yake kaiwa."

Ba a taɓa sanin beguwa na da gudu haka ba. Ta bar musu sakaina da ƙaya uku a kujerar likita. Kaifin kuwa, a jikin baƙin dutsen ta goge shi, kuma duk sanda haƙorin ya sake tasowa can take komawa. Gafiya ta gani ta bi, kurege ya bi. Yanzu in ka je bakin rafi da hantsi, layi za ka tarar, ba mai tambayar kowa komai.

A taron ƙarshen shekara Jimina ta sanar cewa a dangin masu gwaguya ba a sami mai ciwon haƙori ba sai guda, ita ma ta warke kafin a taɓa ta. Aka yi wa sashen lamba tukuici da ƙarin inuwa.

Dutsen dai an lura ya fara cinyewa, kuma an tura Malam Dogara ya je ya duba lafiyarsa.