Alhaji Bizines da Falon Manya

Tun daga Bungudu har ka wuce Gusau ka faɗa Tsafe, ba a taɓa haihuwar mutumin da ya ga duniya kamar Alhaji Tajuddeen ba. Wasu sun yi boko, wasu sun yi allo, wasu sun ƙare ƙuruciyarsu a kan hanyar Kurmi, amma shi kaɗai Allah ya nufa da zaman awa uku cur a falon manya. Ga wanda bai sani ba, kamar yadda dukkanmu ba mu sani ba kafin Alhaji ya waye mana kai, falon manya wani ɗaki ne a manyan filayen jirgin sama na duniya, inda masu tikiti mai tsada, wanda ake kira bizines kilas, suke hutawa kafin a kira jirginsu. Sauran bayin Allah kuwa suna can waje a kan kujerun ƙarfe, kowa rungume da jakarsa.

Yadda aka yi ya shiga, Alhaji bai cika son a daɗe a wannan gaɓar ba. Yana dawowa ne daga umara, da tikitinsa irin na kowa, jirgi ya yada zango a wata ƙasar Larabawa. Nan ya haɗu da Hajiya Ummulkhairi, dattijuwar nan mai kamfanin matse man waken suya a Gusau, tana dawowa daga asibitin da aka yi mata aikin gwiwa. Ta ji harshen gida a bakinsa, ta roƙe shi ya tura mata keken marasa lafiya. Ya tura, ƙofar gilashi ta buɗe da kanta, ta rufe a bayansu. Kafin su rabu Hajiya ta yi masa alkawari: in kaka ta yi za ta zo Bungudu da kanta, in ya tara mata tirela goma ta waken suya, to daga bana shi ne mai kawo wa kamfaninta kaya. Wannan ciniki ne da zai ɗaga mutum daga dillali ya mai da shi attajiri. Amma Alhaji bai dawo da zancen wake a bakinsa ba, da zancen falo ya dawo.

Ranar kasuwar Tsafe ya fara buɗe makaranta. Ya zauna a kan buhun masarar wani, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya gyara gilashin idonsa.

"Ku kuna nan kuna cewa kun ga daula," in ji shi. "Wuri ne da ko tari ba a yi da ƙarfi. Kujera, kana zama ta rungume ka. Sanyi kamar an buɗe ƙofar Aljanna. Abinci kuwa, ga shi nan jere tun daga nan har bakin waccan rumfa: gasasshen rago, kifi, tuffa, inibi, dabino kala bakwai. Amma ni ko ruwa ban kurɓa ba."

Wani mai awo ya ce, "Ikon Allah! To don mi, Alhaji?"

"Ka ji irin tambayar 'yan ikonomi," in ji Alhaji, yana murmushin tausayi. "Babban mutum ba ciki ke kai shi falo ba. Abincin falo ado ne. Waɗanda na ga suna ci, da ganinsu sabbin shiga ne."

Ikonomi, kamar yadda ya yi bayani, shi ne ajin talakawan jirgi. Tun daga ranar kalmar ta zama zaginsa. Direban da ya tare masa hanya ɗan ikonomi ne, mai shayin da ya cika sukari ɗan ikonomi ne, har limamin da ya tsawaita karatu ya taɓa samun rabonsa a ɓoye. Mutanen kasuwa, waɗanda ba su taɓa barin alheri ya wuce ba su rama ba, suka raɗa masa Alhaji Bizines. Ya ji sunan, ya ji daɗinsa, ya sa aka rubuta masa shi a bayan mota.

To, Alhaji yana da gado. Mahaifinsa, marigayi Malam Abdu, fatoma ne, wato mai masaukin manoma. Duk wanda ya kawo hatsi daga Karakkai ko Kwatarkwashi ko Ruwan Bore, a zauren Malam Abdu yake sauka, shi zai nemo mai saye, ya ɗauki la'adarsa. Zauren ba wani abin kallo ba ne: tabarmi, buzu biyu, da wata tsohuwar randa a lungu da moɗa a kanta. Sai dai yana da doka ɗaya da ba a taɓa karyawa ba. Ba a tambayar baƙo buhu nawa ya kawo sai ya sha ruwa, ya sha fura, an ajiye masa akushi. Mai buhu ɗari da mai tiya biyar kwano ɗaya suke sa hannu. Shekara arba'in wannan randa tana jawo hatsin ƙauyukan nan zuwa ƙofar gidan, ba tare da an taɓa aika wa kowa takardar gayyata ba.

Idon da ya ga falon manya ba ya iya kallon randa. Alhaji ya ce mace irin Hajiya Ummulkhairi, wadda ta saba da daular ƙasashen waje, ba za a sauke ta a kan buzu ba. Aka kira magina. Aka fitar da randar, aka jingine ta bayan gida wajen awaki. Aka shimfiɗa tayil mai santsi, aka kafa ƙofar gilashi, aka sa na'urar sanyaya ɗaki da janaretanta. Aka kawo kujeru shida masu rungumar mutum. A bango aka rataye agogo uku, na Makka, na Dubai, na Landan. Na Bungudu ne kawai babu, saboda haka in kana son sanin ko azahar ta yi sai ka fito ka dubi inuwa.

A tsakiyar ɗakin aka kafa dogon teburi, aka jera tuffa da inibi da dabino a faranti. Tunda dokar falo ta hana taɓawa, kwana huɗu suka ruɓe, ƙudaje suka shigo ba kati ba izini. Alhaji ya yi nazari irin na masu hangen nesa, ya tafi kasuwar Gusau ya sayo na roba. Ba sa ruɓewa, ba sa ƙarewa, kuma sun fi na gaske sheƙi.

Sai maganar kati. Mai buhu ɗari zuwa sama, katin zinariya, ya shiga falo. Wanda bai kai ba, an kafa masa rumfar kwano a waje da benci biyu, an rubuta Ikonomi da jan fenti. A bakin ƙofa aka tsayar da Mu'azu, wani tsohon ɗan banga mai furfura, aka ɗinka masa kwat da hula. Aikinsa tambaya ɗaya ce, wadda Malam Abdu ya mutu bai taɓa yi wa baƙo a tsaye ba: buhu nawa ka kawo?

Ranar buɗewa Alhaji ya yi jawabi a gaban kujerun da ba kowa a kansu. "Zamanin kowa ya kwaso ƙura ya faɗo wa mutane ya wuce. Duniya aji-aji ce. Ni ban ƙirƙiro ba, can na gano. Wata rana za ku gode mini."

Kaka ta yi. Wata safiyar Laraba, da hantsi, sai ga Baba Arzika na Karakkai. Dattijo ne, aminin marigayi Malam Abdu, kuma shi ne bakin manoman yankinsu, inda ya sauke kayansa nan sauran suke saukewa. Da hannunsa ya yanka ragon sunan Tajuddeen. Ya zo da mutum tara, kowa da ɗan ƙullin waken suya na gwaji a aljihu, kamar yadda aka saba kafin a turo motoci. Sun fito tun da sassafe, a kan hanyar da a wannan zamani ba mai bin ta sai da addu'a a baki, kuma ba wanda ya karya.

Mu'azu ya tare su, yana kallon ƙasa don kunya. "Baba, a yi haƙuri. An ce a tambaya, buhu nawa?"

Baba Arzika ya dube shi, ya dubi gilashin, ya dubi inda randa take a da.

Alhaji ya hango su daga ciki. Ba za a ce bai karrama dattijon ba, don ya bar shi tsaye minti goma kacal, sannan ya fito da katin zinariya a tafin hannu, kamar mai miƙa kujerar Makka.

"Baba, kai naka daban ne. Ga katinka. Sai dai a karkaɗe ƙafa, tayil ɗin ba ya son ƙasa."

"Madalla," in ji Baba Arzika. "Waɗanga da munka zo tare hwa?"

"Su ga rumfarsu can. Ikonomi ne."

"Ruwan sha hwa, Tajuddeen? Tun asuba muke tahe."

"Ai Baba, falo ba wurin ci da sha ba ne. Wurin natsuwa ne."

Dattijon ya juya katin gaba da baya, ya mai da masa cikin ladabi. "Ɗana, hanya guda munka biyo, tsoro guda munka ji. In ba su shiga, ni ma ba ni shiga. Ubanka bai taɓa raba muna kwano ba. Allah shi jiƙan Abdu."

Abin ya ba duk wanda ke wurin tausayi, ban da Alhaji, wanda ya ce tsufa ne, kuma canji dama sai a hankali. A tsallaken titi akwai wani ƙaramin dillali, Shehu, wanda duk jarinsa bai wuce rumfar zana da sikeli ɗaya ba. Yana ganin su ya taso da buta da moɗa. Kafin a jima matarsa ta aiko da fura da hoce, irin wainar nan ta dawa. Bai tambaye su komai ba sai da suka ƙoshi. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Kwatarkwashi da Ruwan Bore, motoci suka fara sauke buhuna a tsallaken titi, har suka tare wa Alhaji hasken gilashi. Ya kira abin cunkoson 'yan ikonomi, ya sa aka ja labule.

Ranar da Hajiya Ummulkhairi ta zo, Alhaji ya sha babbar riga mai aska takwas, ya sa aka ƙure sanyi. Ta shigo tana dogara sanda, tayil ya kusa kwashe ta. Ya zaunar da ita, ya nuna mata agogo ɗaya bayan ɗaya, ya fara jawabin da ya kwana uku yana haddacewa.

"Hajiya, abin da muka gani tare a can, ni da ke, shi na kawo wa mutanena. A duk jihar nan babu..."

Ita dai yunwa take ji. Ta miƙa hannu ta ɗauki tuffa mafi ja, ta yi bismilla, ta kai baki. Haƙorinta na Makka ya yi ƙara. Ta sauke ta, ta ƙwanƙwasa ta a kan teburi, ta dube shi.

"Tajuddeen, wagga mi ce?"

"Ado ne, Hajiya. Kamar dai na can. Ai kin ga ni ma ban taɓa komi ba rannan."

Hajiya ta mai da tuffar cikin faranti. Can ta ce, "Kai, ba azumi kake ba rannan?"

"Azumi kuma?"

"Ni na ga ka zauna awa uku gaban gasasshen rago kana haɗiyar miyau, ko ruwa ba ka sha ba. Na ce wanga bawan Allah azumin nafila yake a kan tafiya, mai wannan tsoron Allah ba ya cin amanar awo. Don haka na yi maka alkawali. Ai duk abin da ke cikin ɗakin nan kyauta ake ci. Wanda duk ya shiga baƙo ne, har wanda ya turo keke. Abin da ya sa ake son wurin ke nan."

Bakin Alhaji ya buɗe. Gaskiyar da bai taɓa gaya wa kowa ba ita ce, rannan ya zagaya teburin sau uku yana neman inda aka rubuta farashi, bai gani ba. Shi kuma ɗan kasuwa ne, ya san kayan da ba a faɗi kuɗinsa ba shi ya fi yanka wuya. Tambaya kuma ai sai 'yan ikonomi.

"Kyauta?" in ji shi, da wata 'yar murya. "Har ragon?"

"Har ragon. To, ina wakena?"

Babu wake. Sitonsa an share shi tas, an fesa masa turare. Hajiya ta ɗaga labulen da sandarta, ta ga buhuna sun yi tsauni a tsallaken titi, ga Baba Arzika da mutanensa zaune a tabarma sun kewaye kwano ɗaya. Ta miƙe a hankali, ta ce wa direbanta ya kama mata hannu su tsallaka. Alhaji yana tsaye a bayan gilashi ya ga Shehu ya shimfiɗa mata darduma, ya ga an miƙa mata moɗa. Moɗar ma ya gane ta, randar ma haka, don Mu'azu ne ya ba Shehu su tun ranar da awaki suka kusa fasa ta.

Tirela goma suka tashi daga ƙofar Shehu a wannan makon. Mu'azu ya ajiye kwat ya koma can yana kula da sikeli. Alhaji Bizines kuwa yana nan a falonsa, shi da kujeru shida da lokacin Landan. Masu hikima sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami, to tamu kazar har gida ta dawo ta buɗe makarantar koyar da yunwa. Waɗanda suke leƙa shi sun ce ba ya ko ambaton cinikin da ya kuɓuce masa. Yana dai zaune, tuffar roba a hannu, yana jujjuya ta, jifa-jifa ya girgiza kai ya ce, "Har ragon."