Rasuwar Bulama, Sabar da Ta San Kowa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Mikail, mai kula da kwamfutocin cibiyar jarrabawa da ke Lamisula a nan Maiduguri, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar jagoranmu kuma mai tsaron ƙofarmu, saba, wato manhajar da sauran kwamfutoci ke dogaro da ita, wadda muka fi sani da suna Bulama. Ya rasu ranar Laraba da hantsi bayan gajeriyar rashin lafiya, a daidai makon da ba mu da halin yin rashi.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, aikinsa ɗaya ne, amma kowa a ƙarƙashinsa yake cin abinci. Duk wanda ya zauna gaban kwamfuta a cibiyar nan ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, Bulama ake tambaya. In ya ce ya san ka, ka shiga. In ya ce bai san ka ba, ko kai ka sayi kujerar da kake zaune a kai, a waje za ka tsaya. Su kansu kwamfutocin zauren jarrabawa sai sun gaishe shi da safe ya shaida su kafin su fara aiki. Shi ya sa muka raɗa masa sunan mai unguwa, don babu baƙon da zai kwana a cikinmu bai sani ba.

Marigayin bai taɓa mallakar gangar jiki ba. Haya yake zaune a cikin wata babbar na'ura baƙa da ke ɗakin bayan ofis, kamar yadda mutum ke kama ɗaki a gidan wani. Don haka duk muryar da muka sani tasa ce da ta mai gidan a haɗe. Da safe fankar na'urar ta ce “fuuu”, hankalina ya kwanta. Shi kuwa maganarsa ba ta wuce biyu: “Barka da zuwa”, ko “Kalmar sirri ba daidai ba ce.” Bai san alfarma ba. Ita kanta Ya Gumsu, mai cibiyar, ya sha hana ta shiga, kuma bai taɓa ba ta haƙuri ba. Ya jure zafin watan Afrilu da ɗauke wuta da kukan janareta, bai taɓa neman hutu ba. Wallahi ina ƙaunarsa, kuma ban san haka ba sai ranar Laraba.

Ciwon ajali a jikin mai gidan ya fara. Ranar Litinin aka soma jin “ƙas, ƙas, ƙas” daga cikin na'urar, irin ƙarar ɓera a bayan buhu. Ranar Talata ƙarar ta yi sauƙi, muka ce an samu lafiya. Ranar Laraba faifan ajiyar na'urar da Bulama ke kwance a kai ya yi shiru gaba ɗaya, kwamfutocin zaure suka bi layi suna cewa ba su ga mai shaida su ba.

Ban firgita ba a lokacin, don marigayin ya bar magaji. Tun da aka kafa shi, James, injiniyan da ya haɗa mana kayan kafin ya koma Jos, ya yi masa kwafi a wata na'ura da ke reshenmu na Mairi. Tsarin shi ne duk abin da Bulama ya sani, a kai a kai yana aika wa ƙaninsa, don ranar da babba ya faɗi ƙarami ya hau kujera ba tare da kowa ya lura ba. Na tari Keke Napep na je na ɗauko magajin, na rungume shi a cinya har Lamisula, ina roƙon direba ya bi ramuka a hankali. Muka jona shi, muka naɗa shi, muka koma gefe muna jira.

Magajin ya farka lafiya, sai dai a watan azumi ya farka. Bai san an yi Sallah ba. Ya tambayi ina Taufiq, ma'aikacinmu da ya bar aiki tun kafin damina. Sababbin kwamfutocin da aka sayo bayan Sallah ya ce bai taɓa ganinsu ba. Tsofaffin kuma, da yake su ma suna canza kalmar sirrin da ke tsakaninsu da Bulama lokaci zuwa lokaci, suka gaishe shi da sabuwa, ya amsa da tsohuwa, kowa ya juya wa kowa baya. Abin da ya fi tsinka mini zuciya shi ne sunayen masu jarrabawar ranar Asabar, waɗanda muka shigar a watan nan. Ko ɗaya babu a kansa.

Wajen makoki ba wajen kama suna ba ne, don haka ba zan ce Malam Ba'ana, shugaban reshen Mairi, ya yi laifi ba. Zan dai faɗi abin da ya faɗa mini da bakinsa. A tsakiyar azumi, da rana ta buɗe wuta, batirin sola ya kasa ɗaukar firiza da na'urar a lokaci guda. Duk wanda ya yi azumi a garin nan ya san darajar ƙanƙara da la'asar. Malam Ba'ana ya dubi abin da ke ba unguwa ruwan sanyi, ya dubi akwatin da tun da aka ajiye shi bai ga ya tsinana komai ba, ya zare wayar akwatin. “Mikail, ai bayan Sallah na mayar da shi,” in ji shi. “Ga wutarsa koriya tana ci, kowa shaida ne.” Gaskiya ya faɗa, wutar tana ci. Amma tunda zumunci ya yanke tsakanin wa da ƙani tsawon wannan lokaci, ba ya komawa da kansa sai an sake ƙulla shi. Tun daga ranar magajin yake zaune a Mairi da idanu buɗe, ba ya jin komai.

Marigayin ya rasu ya bar zaure cike da kwamfutoci marayu, da firinta guda wadda dama ba ta da biyayya, da ma'aikata da suka koma hira a gindin dalbejiya. Ya bar Ya Gumsu, wadda tun Laraba take leƙo ɗakin bayan ofis tana cewa, “Ɗana, faɗa mini gaskiya, in kira makarantar masu jarrabawar nan ko in jira?” Ya kuma bar ni.

Sama da kowa, ya bar 'yan mata da samari masu neman gurbi a wata makarantar koyon aikin jinya, waɗanda za su rubuta jarrabawar shiga gobe Asabar da safe a zaurenmu. Makarantar ta ce rana ɗaya ce, ba ta da wata. Da yawansu daga Biu da Monguno da Gwoza suke, kuma da yake ba a bin hanyoyin nan yadda aka ga dama, sun riga sun iso, suna sauke a gidajen dangi. Jiya wata mai suna Muhsinat ta zo tare da mahaifinta don su ga wurin kada su ɓata gobe. Dattijon ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, “Malam, komai dai lafiya ko? Shekara ta biyu ke nan tana jira.” Na ce masa ana kan shiri. Ban yi ƙarya ba, amma har yanzu ina jin ɗumin hannunsa.

Na kira James a waya. Ya saurara har na gama, ya yi dogon tsaki, sannan ya ba da fatawa. Gyaran magaji ba zai yiwu kafin Asabar ba, don sai an bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya an sake gabatar da su, sannan a sake shigar da kowane ɗalibi da hannu. Hanya ɗaya ta rage. Akwai ajiyar da muka kwafa daga Bulama ranar Juma'ar da ta wuce, tana cikin wani ɗan faifai a durowar Ya Gumsu. Daga ita za a tayar da shi, a keɓe, ba tare da an jona shi da kowa ba, sai an duba hankalinsa da agogonsa. Sai dai na'urar Mairi ɗaki ɗaya gare ta, ba ta ɗaukar su biyu, kuma ba mu da wani wurin da za mu kwantar da magajin. Dole a share shi kafin a shigo da wansa. “Kun taɓa gwada ajiyar nan?” in ji James. Na ce ba a taɓa ba. Ya ce, “To, Oga Mikail, ka yi alwala.”

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza. Yau Juma'a bayan sallar la'asar, a ɗakin bayan ofis, za a binne magajin, wanda duk da ruɗewarsa shi kaɗai ne Bulaman da ke numfashi a duniya. Ni zan danna maɓallin sharewa, Ya Gumsu za ta tsaya shaida. Daga wannan lokaci ba mu da babba ba mu da ƙarami, sai ɗan faifan da ba a taɓa buɗewa ba. Ba a buƙatar taro, ɗakin ƙarami ne. Wanda ke da addu'a ya yi daga inda yake.

Zaman makoki gobe ne da safe a bakin ƙofar cibiya, kafin a fara tantance ɗalibai. In Allah ya sa Bulama ya tashi da hankalinsa, za ku tarar da ƙofa a buɗe, sai kowa ya kama gabansa, mun yafe ta'aziyya. In kuwa kun tarar da ita a rufe, kada wanda ya zo wurina, kada wanda ya je wurin Ya Gumsu. Masu rashin suna nan a layi da katin jarrabawa a hannu. Ya Gumsu ta ce ita za ta fita ta yi musu bayani, na ce a'a, ni zan fita. Da mahaifin Muhsinat zan fara.